Rahoton masu duba makarantu ya saɓa da abin da na gani, wanne zan bi?

Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma wajibi ne in miƙa takardar neman gurbin firamare wa ɗiyata kafin 15 ga Janairu, amma na rasa wadda zan sa a gaba tsakanin makarantu biyu na unguwarmu.

Ta farko, hukumar Ofsted mai duba makarantu ta ba ta matsayi mafi girma, sai dai rahoton ya kwana biyu, kuma tun bayan fitarsa an sauya shugaban makarantar. Ta biyun rahotonta sabo ne, amma ba shi da hukunci guda na gaba ɗaya, domin tun Satumban 2024 hukumar ta daina yi wa makarantun gwamnati irin wannan hukuncin. Ke nan ba su kwatantuwa kai tsaye.

Na karanta rahotannin biyu, na duba sakamakon jarrabawar 'yan shekara 11, wanda bambancinsa bai taka kara ya karya ba, sannan na ziyarci kowace. A ta farko, malamar da ta zagaya da mu ta kasa bayyana yadda ake taimakon yaron da karatu ya yi masa wuya. A ta biyu kuwa, an buɗe mini littattafan yara na ga gyaran malami a kowane shafi, ko da yake rahotonta ya yi ƙorafi kan yawan fashin ɗalibai. Maƙwabta kowa nasa yake yabo.

Idan rahoton ya tsufa kuma shugabanci ya sauya, shin ya cancanci in fifita shi a kan abin da na gani da idona?