Wane wasa ne ya cancanci ashirin bisa ashirin?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya a fada gardama ta kaure tsakanina da ƙanena har shayi na biyu ya huce ba wanda ya kula, wai shi wasan harbin da yake bugawa a portabul ashirin bisa ashirin ne. Na ce mishi kai yaro, ashirin ba abin wasa ba ce, ka tuna a kolej ko me ka rubuta mushen Faransanci ba ya ba da ita, sha huɗu ma sai an yi maka barka. Shi ne na ce bari in ji ta bakinku. Sharaɗi ɗaya kawai, kar wanda ya kawo mana abin da ya kalla a YouTube, wasan da ka riƙe manet ka buga da hannunka muke so, a ina ka buga shi, me ya sa har yau bai fita ranka ba.

Ni nawa PES 6 ne, wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, 2006. A wata sal ta Zengo na san shi, ɗaki ɗaya rufin kwano, tele uku PlayStation 2 uku, dala biyar mach, wanda aka ci shi ke biya ya tashi ya ba wani. Abin da ya sa na ba shi ashirin shi ne balon tana da nauyi, in ka buga ta kana jin ta a yatsanka, kuma ban taɓa cin ƙwallo biyu iri ɗaya ba ko da na buga mach ɗari. Adriano na Inter ƙarfin shot ɗinshi 99, daga nesa in ya saki ƙafar hagu gola sai dai ya bi ta da ido, har sai da mai sal ya kafa doka ba a ɗaukar Inter sai an yi yarjejeniya. Na san yana da aibi, Chelsea sunanta London FC, Liverpool kuma Merseyside Red, amma wa ya damu, mu muka zauna muka gyara sunayen da hannu. Wanda ya fara Master League, inda kake gina kulob ɗinka, da ƴan wasan farko su Castolo da Minanda ya ja su har suka ɗauki kofi ya san abin da nake faɗi.

Mai Gyaran Tele:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don ni sal na riƙe shekara shida a Sabon Gari kafin in koma gyara. Ma'aunina daban ne da naku, ni faifan da ya ƙare nake dubawa. Akwai wasan da za ka saya yara su buga kwana uku su watsar, akwai wanda sai faifan ya kakkarce ka sake saye, ya sake ƙarewa ka sake saye. Uku ne suka yi min haka: PES, God of War II, sai GTA San Andreas, kuma shi San Andreas ya fi su duka.

2004 ya fito amma ko a 2012 yara na layi a kanshi. Gari uku cikin faifai ɗaya, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, ga ƙauye ga daji ga hamada a tsakani, kuma duk wannan a kart memwar mai mega 8 kake ajiye shi. CJ, mutumin da kake bugawa da shi, in ya cika ci ya yi ƙiba, in ya je ɗaga ƙarfe ya murje. Na ga yaron da ba ya son komai sai ya hau keke ya yi ta zaga unguwa minti talatin ɗinshi su ƙare ya tafi yana murna. Bayan kayen kowane ɗan lekol akwai kod ɗin da ake dannawa a manet a rubuce, har yau na haddace na jini da kuɗi, R1 R2 L1 X hagu ƙasa dama sama hagu ƙasa dama sama. Watan Afrilu kuwa in zafi ya kai maƙura na'urar ta fara nuna jan ekran, sai in juya ta a kife in kafa mata fanka ita kaɗai mu mu sha zufa. Ashirin na ba shi.

Na Garin Malam:
Yaya ka yi haƙuri amma ni sha takwas zan ba San Andreas, kuma da dalili. Wasan ba ya ajiye maka a tsakiyar misiyo, in ka faɗi sai ka koma ka sake tuƙi tun daga farko. Wanda yake gidansu da na'urarshi wannan ba komai ba ne, amma mu da muke biyan lokaci kowane tuƙi kuɗi ne. Misiyon bin jirgin ƙasa a kan babur da Big Smoke sau bakwai na yi ta, ranar da na wuce ta ina kan hanyar zuwa gidan CJ in ajiye wasan aka ɗauke kuran, wallahi na fito waje na zauna bakin rariya na kasa magana. Ga makarantar tuƙin jirgi ta hamada, ga ƙaramin jirgin Zero a San Fierro. Sannan gaskiya yanzu da na haihu ina ganin abin da ban gani ba da, zagi da harbi da wasu wurare ba na yara ba ne, an rubuta 18 a jikin kwalin mu ne ba mu duba ba. Ɗana ba zai taɓa shi ba sai ya girma.

Mai Gyaran Tele:
Wannan ta ƙarshe na karɓa, da yanzu ne ba zan kunna wa ɗan shekara goma ba.

Maman Biyu:
Ku duk maganar sal kuke, mu mata wa ya bar mu muka shiga? Ko leƙawa ka yi sai an kai ƙara gida. Abin da ya iso hannunmu shi ne Snake a Nokia 3310 ta Baba in ya tafi masallaci, sai ƴar na'urar nan mai batir biyu da ake sayarwa a kasuwar Dole an rubuta 9999 in 1 a jiki, ita ce yayata ta sayo min da kuɗin sallah. Cikinta akwai wasan jera bulo, daga baya na san Tetris ne asalin sunanshi, wani mutumin Rasha Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko tsakiyar shekarun 1980.

Ni shi ne ashirin ɗina kuma ina da hujja. Ku duk wasan da kuka ambata kun ce amma kaza, amma kaza. To ku faɗa min me za a cire a Tetris, me za a ƙara? Siffa bakwai ce kawai, kowace murabba'i huɗu, ba ya son Faransanci ba ya son Turanci, ba ruwanshi da kuran ko rezo. Kakata da ba ta taɓa zama a aji ba ta kalle ni sau biyu ta karɓa, daga nan in an gama tuwon dare sai ta ce ke kawo min bulona, tana jiran dogon sandan nan tana salati in ya ƙi zuwa. Allah ya ji ƙanta, duk sanda na ga wasan ita nake tunawa. Kuma bai tsufa ba, a Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya buga na Nintendo har mataki na 157 wasan da kanshi ya tsaya cak. Kusan shekara arba'in ana buga abu kafin a ga bangonshi.

Ɗan Birni:
Amin ya Allah. Tanti wallahi ba ni da amsar wannan.

Etidiyan:
Bari in shigo da abin da masu ba da maki na waje suka ce, amma na buga shi don haka ban karya sharaɗi ba. The Legend of Zelda: Ocarina of Time, 1998, Nintendo 64. A Metacritic, shafin da ke tara makin masu duba wasanni, yana da 99 cikin 100, ba wanda ya kai shi har yau, kuma shi ne na farko da mujallar Famitsu ta Japan ta ba 40 bisa 40, su mutum huɗu ne ke dubawa kowa ya ba da maki cikin goma. Ni ban taɓa ganin Nintendo 64 da idona a Damagaram ba, a ordinatar na buga shi shekarata ta biyu a jami'a, na Faransanci, lokacin bakans. Awa biyun farko na ce me aka gani a nan, hoton duk kusurwa-kusurwa. Sai da Link, yaron da kake bugawa da shi, ya zare takobin ya farka bayan shekara bakwai na fito na tarar kasuwar da na saba ratsawa da kiɗa da mutane ta koma kufai, jikina ya yi sanyi. Kuma dabarar nan ta danna maɓalli ɗaya kamara ta kafe a kan abokin faɗa kana zaga shi, wadda kusan kowane wasan takobi ke yi yanzu, shi ya yaɗa ta.

Duk da haka sha tara zan ba shi. Haikalin ruwa ya gajiyar da ni, duk sanda za ka sa takalmin ƙarfe ko ka cire sai ka tsayar da wasa ka shiga meni, su ma sun san matsala ce tunda sun gyara ta a na Nintendo 3DS a 2011. Abin da na fahimta shi ne wanda ya ba shi cikakken maki a 1998 ya ga abin da bai taɓa gani ba ne, ni kuma na zo bayan shekara ashirin na riga na ga jikokinshi.

Sarkin Zagi:
Resident Evil 4, 2005, ƙauyen farko da mai zarton inji ya biyo ka. Mu shida ne a ɗaki da dare mutum ɗaya ke bugawa saura na ba da shawara, da aka buga ƙararrawar coci mutanen suka watse duk muka sauke numfashi tare. Ashirin, ko da Ashley, yarinyar da kake ceto, tana ihu.

Ɗan Barga:
Ni gidan dawaki na tashi, tun ina ƙarami nake bin Baba hawan sallah, don haka abin da na duba daban ne. Yayana ya zo da PlayStation 4 daga Yamai da Red Dead Redemption 2, na 2018, faifai biyu ne kuma kusan giga ɗari yake ci, yini guda muka yi ana sa shi. Labarin a Amurka ne 1899, ƴan fashi da zamani ke ƙarewa a kansu. Duk wasan da na taɓa gani doki babur ne mai ƙafa huɗu, wannan kuwa wanda ya yi shi ya zauna da doki. Yana firgita in ya ji maciji ko kura irin tasu, yana kaɗa kunne, in ka matsa mishi ya yar da kai, sai ka shafa wuyanshi kana mishi magana ya kwanta. Kana goge shi kana ba shi ci, sabo yana ƙaruwa mataki-mataki har huɗu, in ya mutu kuma ya mutu kenan ba ya dawowa. Na kira Baba na nuna mishi, ya daɗe yana kallo ya ce wannan linzamin ya fi namu sauƙi a bakin dabba, ya zauna har aka kira magariba.

Mutane suna cewa yana da jinkiri, komai a hankali, buɗe akwati ma sai ka jira. Haka ne, amma ni jinkirin ne ya kama ni. Na yi kusan wata biyu da doki ɗaya, kuma abin da ya faru da shi a ƙarshen labarin Arthur, mutumin da kake bugawa da shi, ba zan faɗa ba saboda wanda bai kai ba, ni dai na ajiye manet na fita bargarmu na tsaya wurin Akawal ɗinmu na jima. Wasan da ya sa ni haka ban san me zan rage mishi ba.

Auta:
Ni ne ƙanen da ake magana. Yaya ka faɗi rabi ka bar rabi. Free Fire nake bugawa, 2017 ya fito, mutum 50 a tsibiri, minti goma zuwa sha biyar an gama, kuma yana tashi a ƴar portabul ɗina mai giga 2 wadda wasu wasannin ko buɗewa ba sa yi. Ku kun samu sal, mu da muka taso yawancinsu sun rufe, PlayStation 4 kuma sai mai yaya a Yamai. Mu huɗu ne tun firamare, yanzu ɗaya na Agadas wurin aiki, ɗaya na Kano yana karatu, ɗaya na Diffa, amma kullum bayan isha'i in akwai forfe muna tare muna jin muryar juna, har wanda ba ya kiran kowa a waya a nan muke jin lafiyarshi. Ban taɓa sayen diyaman, kuɗin cikin wasan, ko ɗaya ba. In Tanti ta ba Tetris ashirin don kakarta, me ya sa ni ba zan ba nawa ba?

Maman Biyu:
Yaron nan ya yi magana, ka ba shi amsa.

Ɗan Birni:
Auta ban san da maganar na Diffa ba, da ka faɗi haka jiya da ba mu kai dare ba. Ga inda har yanzu nake tsaye: wasan da in rezo ya faɗi ya mutu, kuma kullum ka buɗe shago ne ke fara tarbarka, ni a wurina ba ya kai ashirin, PES 6 tun da aka saye shi bai sake neman dala ba. Amma sha shida na ba ka, kuma na janye kalmar shirme da na faɗa a fada, ka yafe ni.

Mai Gyaran Tele:
To ku ji, akwai PlayStation 2 ɗaya da na hana kaina sayarwa, tana shago da manet biyu masu kyau, PES 6 da San Andreas da Resident Evil 4 duk suna cikin kile, ga pano in kuran ya tafi. Lahadi bayan la'asar ku zo, Auta kai ma ka zo ka riƙe manet ka ji nauyin balon da yayanka ke faɗi, sannan ka nuna mana naka mu gani. Ɗan Birni kai za ka kawo sukari da ganyen shayi. Inter dai ba a ɗauka.