Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dependency" da abokan tafiyarta?

Mai buɗe zance, malamin kwamfuta a Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon 'yan uwa masu sana'ar kwamfuta da masu nazarin harshe a nan Legas wajen tsayar da kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira "dependency" a fagen shigar da manhaja da cire ta. Yaran da nake koyarwa suna aiki ne da Debian da Ubuntu, nau'o'i biyu na tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, domin yawancin kwamfutocin da muke samu na hannu ne, kuma Linux ba ya yi musu nauyi. Muddin ana maganar shigarwa, babu wanda ke damuwa da kalmar, tunda APT, wato mai kula da shigar da manhaja da cire ta a waɗannan tsare-tsare, shi ne ke jawo duk abin da ake buƙata da kansa. Sai ranar cirewa ake gane cewa tun farko ba a fahimce ta ba.

Ga yadda abin yake faruwa. A Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, akwai wani ƙunshi (wato "package", siffar da manhaja ke zuwa a ciki domin a shigar da ita) mai suna gnome, sunan fuskar kwamfutar, wanda kusan babu komai a cikinsa sai jerin sunayen manhajojin da ya ce dole su kasance a kwamfutar. Evolution, manhajar wasiƙu, tana cikin jerin. Yaro ya ga ba ya amfani da ita, ya rubuta apt remove evolution, sai APT ya sanar da shi cewa zai cire gnome tare da ita. Wasu yaran a nan suke firgita su fasa, suna zaton fuskar kwamfutar ce gaba ɗaya za ta tafi, alhali ƙunshin da zai fita fanko ne. Wasu kuma, da zarar sun ji cewa fanko ne, sai su ɗauka babu laifi a cire ire-irensa duk inda aka gan su, su cire shi da hannunsu, su bi da apt autoremove, umarnin share manhajojin da APT ke ganin babu sauran mai buƙatar su, wanda kan iya kwashe manhajoji masu yawa da ba su yi niyyar rabuwa da su ba, saboda abin da ke riƙe da su ya riga ya fita.

Kalmar da nake amfani da ita zuwa yanzu ita ce "dogaro", amma ba ta gamsar da ni ba. Idan na ce akwai dogaro tsakanin gnome da Evolution, yaro ba ya sanin wanne ya dogara da wanne, kuma dukan haɗarin cirewa yana cikin wannan tambayar.

Mai gyaran kwamfuta a kasuwar kwamfuta ta Ikeja:

Wa alaikumus salam, Malam. A wajenmu a titin Otigba na cikin kasuwar babu mai fassara kalmar, "difendansi" kawai muke cewa, kuma yaran shago suna ganewa. Duk da haka na yarda akwai buƙata, domin kalmar aro ba ta koya wa sabon shiga komai, haddace ta kawai yake yi. Ni zan ba da shawarar "jingina", tunda wata manhajar tana jingina ne da wata.

Ta fuskar aiki kuma, APT yana da wani tanadi a fayil ɗin 01autoremove na kare manhajojin da irin wannan ƙunshi ya jawo, amma ban taɓa barin kwamfutar mai kaya a hannun tanadin kaɗai ba. Kafin in cire komai ina ƙara -s a umarnin, wato apt -s remove, domin ya nuna mini jerin abin da zai fita ba tare da ya taɓa komai ba. Idan na ga wata manhaja da mai kwamfutar ke so a jerin, sai in rubuta apt-mark manual da sunanta, daga nan autoremove ba zai sake kallon ta ba. Wannan ya fi sake sauke manhajoji da datar da ba kai ka saya ba, mai kaya yana tsaye a kanka yana jiran ya kama motar Mile 12 kafin cunkoso.

Malama mai aikin fassara, Idi-Araba:

Malam na Ikeja, ina ganin "jingina" ba za ta yi ba, domin Bahaushe da ya ji ta, abin da zai fara zuwa masa shi ne gona ko gida da aka bayar jingina a karɓi kuɗi. Idan aka ce wannan manhaja jingina ce, wani zai ɗauka riƙon wucin gadi ake nufi, wanda za a fanshe wata rana.

Matsalar da Malamin Agege ya kawo ba ta kalmar "dogaro" ba ce, ta tilasta wa kalma ɗaya aikin uku ce. Turancin ma haka yake yi, kalma ɗaya ce ke nufin dangantakar da kuma abin da aka dogara da shi, shi ya sa masu jin Turancin su ma suke rikicewa. Hausa kuwa tana da hanyar rarrabewa a cikin saiwar kalmar kanta. Dangantakar ita ce dogaro. Manhajar da ba ta iya tsayuwa ita kaɗai ita ce mai dogaro. Wadda ake tsayawa a kanta kuma ita ce madogara, kalmar da muke da ita tun da daɗewa, kamar yadda ake cewa wane ba shi da madogara sai Allah, ko a ce wannan magana ba ta da madogara. Da waɗannan ukun, dokar cirewa tana fitowa a jimla biyu da kowane yaro zai riƙe: idan ka cire madogara, dole mai dogaro ya bi ta, idan ka cire mai dogaro, madogara tana nan, sai dai ta rasa mai buƙatar ta. A misalin Malam, Evolution ce madogara, gnome ne mai dogaro, ko da yake sunan gnome ne ya fi girma a kunne. Nan ne yara suke tuntuɓe, domin hankali yana ba su cewa ƙarami ne ke dogara da babba.

Mai buɗe zance:

Malama, Allah Ya ƙara basira. Na karɓi "madogara". To shi kuma ƙunshin fanko, wanda suke kira "metapackage", fa? Wani ɗalibina ya ce "uwar ƙunshi".

Dattijo, tsohon malamin Hausa, Obalende:

Ɗana, ka bar "uwar ƙunshi". Uwa ana dogara ne da ita, shi kuwa wannan, kamar yadda 'yata ta Idi-Araba ta bayyana, shi ne ke dogara da sauran, don haka sunan zai ƙara juya wa yara al'amarin. Ban san kwamfuta kamar ku ba, amma bisa bayaninku abin ya yi kama da igiyar da ake ɗaure damin gero da ita. Igiyar ba hatsi ba ce, babu wanda zai ci ta, amma idan ta kwance, zangarniyar da ke ciki tana nan lafiya, sai dai duk mai shara da ya zo wucewa zai iya ɗaukar ta a matsayin abin da ya zube. Sunan irin wannan abu a Hausa maɗauri ne, jam'insa maɗaurai. Ku gwada shi a jimla ku ji: cire Evolution zai kwance maɗaurin gnome. Ina ganin yaron da ya ji haka ba zai firgita ba, kuma ba zai yi sakaci ba.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Yaba:

Baba, Allah Ya ƙara girma, "maɗauri" ta zauna daidai, kuma ta warware mini wata matsalar da ban ma kawo ba tukuna. Ni ina amfani da Arch Linux ne, wani nau'in Linux dabam, inda pacman, takwaran APT a can, ke da abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Akwai maɗauri irin wanda aka bayyana, akwai kuma abin da suke kira "group", wanda zan so mu bar shi a matsayin rukuni. Rukuni ba ƙunshi ba ne ko kaɗan, laƙabi ne kawai da aka liƙa wa manhajoji da yawa domin a kira su da suna ɗaya. Idan ka shigar da rukunin gnome a Arch, kowace manhaja a ciki ana rubuta ta a matsayin wadda ka nema da kanka, kuma kana iya cire ɗaya ba tare da komai ya kwance ba. Kuɗin da kake biya shi ne, idan masu kula da tsarin suka ƙara sabuwar manhaja a rukunin daga baya, ba za ta zo maka da kanta ba, alhali maɗauri yana jawo sabuwar madogararsa a lokacin sabuntawa. Arch ta mayar da base, wato manhajojin tushen tsarinta, daga rukuni zuwa maɗauri a watan Oktoban 2019, ta kuma yi wa base-devel, wato kayan aikin gina manhaja, haka a 2023.

Cire rukuni gaba ɗaya yana da nasa rikicin. Idan ka rubuta pacman -R da sunan rukuni, alhali wata manhaja daga waje tana dogara da ɗaya daga cikin 'yan rukunin, pacman zai ƙi aikin baki ɗaya. Mai gaggawa sai ya ƙara harafin c, wanda ke nufin a cire har da duk masu dogaro da su, kuma ta nan ne ɓarna ke shigowa, domin mai dogaro shi ma yana da nasa masu dogaron. Harafin u ne ya dace da wannan hali, tunda yana cire waɗanda babu mai buƙatar su ne kawai, ya bar sauran.

Abin da ya rage mini shi ne manhajar da ta shigo a matsayin madogara, sannan mai dogaro da ita ya fita. Masu Arch suna kiran ta da kalmar da ma'anarta ita ce maraya, ana ganin jerinsu da pacman -Qdt. Shin mu ce "maraya" mu ma?

Malama mai aikin fassara:

Ƙanena, ina da dalili biyu na ƙin "maraya". Na farko, a Debian wannan kalmar Turancin tana da wata ma'ana dabam, wato ƙunshin da mai kula da shi ya ajiye, ba a samu wanda ya ɗauka ba, kuma a can ne "maraya" ta fi dacewa. Na biyu, a wajenmu maraya abin riƙo ne da tausayi, ba abin da ake koya wa yaro ya share ba.

Abin da APT da pacman suke rubutawa a kan kowace manhaja shi ne dalilin zuwanta: ko mai kwamfutar ne ya kira ta da sunanta, ko kuwa ta biyo wata ce. Hausa tana da sunan mai biyo wani, wato ɗan rakiya. Manhajar da ka nema da bakinka gayyatacciya ce, wadda ta biyo ta kuma 'yar rakiya ce. Autoremove ba ya yin komai sai sallamar 'yan rakiyar da wanda suka rako ya riga ya tafi, shi kuma apt-mark manual, ko pacman -D --asexplicit a Arch, mayar da 'yar rakiya yake yi gayyatacciya. Na san a bakin mutane "ɗan rakiya" tana ɗauke da ɗan raini, kamar a ce wane ɗan rakiya ne a takara, amma rainin bai ɓata ma'anar ba, domin daidai matsayin da tsarin ya ba manhajar ke nan, ko da kuwa ita ce mai kwamfutar ke buɗewa kullum.

Mai gyaran kwamfuta a Ikeja:

Na janye "jingina". Amma a tuna cewa a Debian madogara ba mataki ɗaya ba ce. Akwai Depends, wadda cire ta ke fitar da mai dogaro. Akwai Recommends, wadda APT ke shigarwa da kansa amma ana iya cire ta ba tare da maɗauri ya kwance ba. Akwai Suggests, wadda ba ya shigarwa sai ka nema. Wani abokin aikina ya ce a kira su farilla da sunna da mustahabbi.

Dattijo, tsohon malamin Hausa:

Hikimar ta burge ni, amma ku bar wa fiƙihu kalmominsa, musamman da yake a ajin Agege ba za a rasa yaran da ba Musulmi ba masu jin Hausa. Ku ce madogara ta dole ga ta farko, abokiyar aiki ga ta biyu, shawara ga ta uku, domin biyun ƙarshe ba madogara ba ce ta gaskiya tunda manhajar tana tsayuwa ba tare da su ba.

Mai buɗe zance:

Na gode, Baba. "Abokiyar aiki" tana ɗan yi mini tsawo a kan allo, kuma ina jin za a iya rikita ta da 'yar rakiya, don haka zan bar ta a buɗe ga mai wata shawarar. Sauran kuwa na gwada su a kan saƙon da APT ke fitarwa bayan an cire maɗauri, ga yadda ya fito: "Waɗannan manhajoji 'yan rakiya ne, kuma babu sauran mai dogaro da su. Yi amfani da apt autoremove domin sallamar su." Da wannan fassarar zan shiga aji ranar Asabar, tare da umarnin apt-mark showauto, domin kowane yaro ya fara ganin jerin 'yan rakiyar da ke kwamfutarsa kafin a ba shi izinin cire ko da manhaja ɗaya.