Gudun da ya zarce fanfalaki, me za mu ce masa?

Jama'a, kalma nake nema. Ina shirya labarin wasanni da Hausa a nan Garwa, sai na yi karo da abin da Faransawa ke kira ultra-marathon. Na kilomita 42 da 'yan kai muna da sunansa tuntuni: gudun fanfalaki, ko yada-ƙanin-wani. To wanda ya zarce haka fa?

Russ Cook ne ya jawo maganar. Ɗan Ingilan nan da ya taso daga ƙarshen Afirka ta Kudu a Afrilun 2023, ya ratso ta Kamaru da Nijeriya, ya isa Tunisiya ranar 7 ga Afrilu 2024. Kwana 352, sama da kilomita 16,000. Ku lissafa Garwa zuwa Marwa sau tamanin, a ƙafa. Duniya na kallonsa a YouTube da Instagram. Ko gumi bai bushe masa ba wata ƙungiyar masu gudu ta ce ba shi ne ya fara ratsa tsawon Afirka da gudu ba, Jesper Olsen ɗan Danmak ya riga shi, daga Masar zuwa kudu, ya gama a 2010. Shi dai bai samu 'yan kallo irin na Cook ba.

Ƙanena daga Ngawundere ya fara: "Yaya, gudun juriya mana."

Ta yi daɗi, amma ta yi faɗi. Mai tseren keke juriya yake, haka masu tseren hawan Dutsen Kamaru a Buea, inda 'yar tseren Kamaru Sarah Etonge ta ci sau bakwai. Mu bar "wasannin juriya" ta zama sunan dangin gaba ɗaya.

Wani ya ce "gudun neman suna". Na yi dariya, na kuma ƙi. Wannan zagi ne, kuma akwai masu yinsa da ko waya ba sa riƙewa.

Sai Kawu daga Marwa ya turo saƙon murya, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa: "Ɗana, kakanninmu fatake da suka zo ƙasar nan da zango suke auna tafiya. Ka ce gudun zango. Kuma ba a cin zango a ɓoye, mai masauki ya ga isowarka, ya ga ƙurar ƙafarka."

Allah ya ƙara girma, Kawu. Nan na tsaya, don rigimar wasan nan kusan duk a kan shaida take: wa ya gan ka tsakanin nan da can? A 2023 Joasia Zakrzewski ta zo ta uku a tseren mil 50 daga Mancesta zuwa Libaful, daga baya na'urar bin sawu ta nuna ta yi mil guda cikin minti ɗaya da daƙiƙa 40. Ashe mota ta hau, wajen kilomita 4. Aka dakatar da ita shekara guda.

Wata 'yar'uwa daga Njamena ta ja da mu: "Malam, ai wannan tseren yini ɗaya ne, ina zangon?"

Akwai shi, Hajiya. Suna da wuraren tsayawa inda ake rubuta lambar mai gudu, a ba shi ruwa. Zango ne, kwana ne kawai babu.

Saboda haka gudun zango zan rubuta ranar Juma'a. Kawu ya sake turo murya yana tambaya ko Baturen nan a tsakiyar zafin Afrilu ya ratsa Kamaru. Na ce a'a. Ya ce shi ya sa.