Me ya sa Judi Dench ba ta bar wasan daɓe ba bayan ta yi suna?

Ɗaliba daga Pantami:
Assalamu alaikum. Ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu a nan Gombe. Malaminmu ya kawo mana misali da Baturiyar Ingila Judi Dench, wadda ni a fina-finan James Bond kaɗai na san ta. Ya ce asalinta 'yar wasan daɓe ce, kuma duk sunan da ta yi bai hana ta komawa dandamali ba. Don Allah manya, mece ce ribar tsayawa gaban mutane kaɗan ga wadda miliyoyi suke kallo daga gidajensu?

Tsohon malami, Jekadafari:
Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiya malaminku ya faɗa. An haife ta a 1934, ta fara wasa a 1957 tare da ƙungiyar wasan daɓe ta Old Vic da ke Landan, inda ta fito a matsayin Ophelia cikin Hamlet, wasan marubucin Ingila William Shakespeare, sannan ta shiga ƙungiyar Royal Shakespeare Company a 1961. Lokacin da kuka gan ta a James Bond na 1995, ta yi kusan shekara 40 tana wannan sana'a.

A daɓe babu wanda zai ce a tsaya a sake ɗauka. Dole mutum ya haddace zancensa daga farko har ƙarshe, ya kai muryarsa ga wanda ke bencin baya ba tare da ya yi ihu ba, kuma idan abokin wasansa ya manta layi, shi zai rufa masa asiri 'yan kallo ba su gane ba. A 1976 ta fito a matsayin matar Macbeth cikin wasan Macbeth na Shakespeare, tare da ɗan wasa Ian McKellen, a wani ƙaramin zaure a garin Stratford na Ingila, babu wani adon kirki, 'yan wasan suna zazzaune a da'ira kan akwatuna, masu kallo kuma dab da su. A wuri irin wannan, ko ƙiftawar ido ta ƙarya sai an gani.

Hajiya daga Wunti, Bauchi:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma kada a rage wa talabijin daraja. Shi kansa Macbeth ɗin, da ba a ɗauke shi an nuna a talabijin a 1979 ba, da waɗanda suka shiga zauren ne kawai suka san shi. Talakan Ingila kuwa a wasan barkwanci ya fi saninta: A Fine Romance, wanda ta yi da mijinta Michael Williams daga 1981 zuwa 1984, da kuma As Time Goes By na BBC, daga 1992 zuwa 2005, labarin masoya biyu da suka sake haɗuwa bayan girma ya kama su. Mu ma ai ta akwatin talabijin Samanja ya shigo mana gida.

Tsohon malami, Jekadafari:
Haka ne, Hajiya, ban musa ba. Sai dai sanin inda za a dakata a bar mutane su gama dariya, a daɓe ake koyonsa. 'Yata, a gwajinku na gaba ki sa ƙawarki ta zauna can ƙarshen aji, ta gaya miki kalmomin da ba ta ji ba.