Neman shawara: me "fillet" ke nufi a zanen da aka ba ni?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na fara koyon zanen kayan ƙarfe da manhajar kwamfuta ta AutoCAD. Jiya aka turo mini zanen wani maƙalin ƙarfe mai siffar L, wanda zai riƙe inji a jikin bango, aka ce in sake zana shi tsaf. A lungun da hannuwan biyu suka haɗu an ja kibiya an rubuta "fillet R5". Da na bincika kalmar a intanet, hotunan kifi da nama ne suka fara fitowa, can ƙasa kuma ga walda, ga ginshiƙan gini. Kaina ya ɗaure. Wani abokina ya ce in datse kusurwar a karkace, wai duk ɗaya ne. Hankalina bai kwanta ba, don abu ne da zai ɗauki nauyi. Don Allah a warware mini.

Wani injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka bi maganar abokinka. Datse kusurwa a karkace, galibi a digiri 45, sunansa chamfer, kuma aikinsa daban. Abin da aka nema a wurinka shi ne ka mayar da lungun lanƙwasasshe sumul, kamar cikin cokali. R5 na nufin tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da lanƙwasar ke bi da bakinta milimita 5 ce, in dai da milimita aka yi zanen. A AutoCAD, rubuta F, sannan R, ka sa 5, ka taɓa layukan biyu.

Ga dalilin da ya sa na damu da wannan. Idan nauyi ya danne ƙarfe, a lungu mai kaifi yake taruwa. Injin zai riƙa girgiza maƙalin dare da rana, tsaga siririya kamar gashi ta fara daga nan, ta yi ta ci har ya ɓalle. Lanƙwasar ce ke baza nauyin. A 1954 jiragen saman Comet biyu na Birtaniya suka tarwatse a sama, kuma bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce, wato irin wannan tsagar da ke ci a hankali; a ɗaya daga cikinsu an gano ta faro kusa da kusurwar wata taga a jikin jirgin. Sannan in injin sassaƙa ƙarfe ne zai yanka kayan, bakinsa zagaye yake, ba ya iya fitar da lungu mai kaifi tun asali.

Wani mai walda: Injiniya ya yi daidai, amma Malam, sake duba kibiyar. In ka ga ɗan alwatika a zaune kan layinta, to walda ake nufi: wadda ake zubawa a lungun ƙarafa biyu da suka haɗu kamar T, ko ɗaya ya hau ɗaya. Lambar da ke gefe girman waldar ce. Waldar da kowane gefenta da ke manne da ƙarfe ya kai milimita 6, kaurin tsakiyarta kusan 4.2 ne, kuma shi ke ɗaukar nauyin. Tunda R ka gani, lanƙwasa ce.

Wata mai koyar da girki: Ɗana, hotunan da ka gani ma ba kuskure ba ne. A wurinmu tsoka ce zalla, ba ƙashi ba ƙaya. Ana kwantar da kifi, a tsaga bayan kai, a kwantar da wuƙa siririya a bi ƙashin baya har wutsiya, gefe guda ya fito sumul. A saniya kuwa, tsokar nan ce doguwa da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya. Ba ta yin wani aikin kirki a jikin dabbar, shi ya sa ta fi kowace laushi.

Wani malamin zanen gini: Tushen kalmar Faransanci ne, filet, wato ɗan zare ko ɗan ƙyalle siriri, daga filum na Latin. Mu ma'anarmu ta fi kusa da asalin: ɗan siririn fili shafaffe da ke raba ado biyu, kamar wanda ke tsakanin kwarmin ginshiƙan Girkawa. Masu ɗaurin littafi ma haka suke kiran siririn layin zinare a bango. Amurkawa kan ce "filei" a girki, amma a wurin aikin ƙarfe "filit" za ka ce.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Mama da yayyena. Na duba, babu alwatika, R5 ne kawai, kuma na yi shi. Saura kusurwar waje, ba a rubuta komai a kanta ba. In lanƙwasa ta ita ma?

Injiniyan: Duba rubutun da ke ƙasan zanen tukuna, sau da yawa a nan ake faɗin yadda za a yi da sauran kusurwoyi. In babu, tambayi wanda ya turo. Idan farantin ƙarfe ɗaya za a lanƙwasa, ta wajen za ta zama 5 haɗe da kaurin ƙarfen.