Itacen ƙirya: zai yi dirkar rumfa da ƙofa?

Tambaya daga Mai_Rumfa:
Assalamu alaikum. Ina son kafa rumfa da dirkoki shida, in kuma yi ƙofar zaure, an ce in nemi ƙirya. Da gaske gara ba ta cinta? Me kuma ke sa ta tsage bayan an gama aiki?

Masassaƙi:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka, amma jan cikin ne gara ke shakka. Farin da ke ƙarƙashin ɓawo tana cinsa sarai, don haka a sassaƙe shi da gizago har jan ya fito. Ramin dirka ya kai kamu ɗaya da rabi, a zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a shafe gindin da kwalta har taƙi ɗaya sama da ƙasa, domin daidai bakin rami ruɓa ke farawa.

Tsagewa kuwa daga bushewa take. Baya da bakunan gungume suna bushewa su tsuke alhali ciki na jiƙe, sai itacen ya tsage daga waje zuwa tsakiya. Da an sare a toshe bakunan biyu da fenti ko kaki, a jera a inuwa bisa duwatsu, a kare shi daga iskar hunturu. Rana kai tsaye ita ce babbar mai ɓarna.

Kafinta_Zariya:
Ga dirka na yarda da Baba Masassaƙi, ga ƙofa ina da ja. Busasshiyar ƙirya mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri tana kusan tan ɗaya. Katako mai inci 2 da inci 12, tsawon ƙafa 12, ya haura kilo 50. Ƙofa irin wannan sai da hinji uku ko huɗu masu kauri, in ba haka ba ta sunkuya ta riƙa jan ƙasa. Ƙusa ba ta shiga sai an fara hudawa da dirila ƙasa kaɗan da kaurinta. In an matsa, ko ta lanƙwashe ko katakon ya tsage. Zarto ma yana dakushewa da wuri. Katakon inci 2 a ba shi shekara guda aƙalla ya bushe a jere, da ƙananan sanduna tsakanin kowane layi. Ni da maɗaci zan yi ƙofar, in bar ƙirya ga dogara da dokin ƙofa.

Ɗan_Maƙera:
Kada ka zubar da guntayen, Malam. Gawayin ƙirya maƙera ke nema, yana jimirin wuta a bakin zugazugi, tokarsa kaɗan. Sai dai ka sayi busasshiya ko wadda ta faɗi, da takardar ma'aikatar gandun daji. Ƙirya ba ta saurin girma, masu gawayi sun ƙarar da ita a wurare da yawa, ga kuma mata na yin daddawa da 'ya'yanta.