Wa ya taɓa zama maƙwabcin bene a tsohon gari? Ku faɗa mana yadda ta kaya

Ɗan Birni mazaunin Yamai:
Assalamu alaikum jama'a. Gidanmu na gado yana cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram (Zinder), ba nisa da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne tun na kakan mahaifinmu, zaure mai zanko, da zane a goshin ƙofa. Tun rasuwar Baba mu 11 ke da haƙƙi a ciki, amma Inna da ƙanwarmu kaɗai ke kwana. Yanzu wani Alhaji ya taya, yana so ya rushe ya tada bene hawa 4, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Mutum 7 sun ce a sallama. Ni bakina ya yi nauyi, ga maƙwabta har sun aiko mai unguwa. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, don Allah ya ba mu labari.

Uwar gida daga Zango:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ce maƙwabciyar da kake tambaya. Shekara 3 ke nan da aka tada hawa 3 a bayan katangarmu. Ranar da aka buɗe tagogin sama na gane an raba ni da tsakar gidana. Makewayinmu ba rufi, kamar na kowa. Murhuna a waje yake. Da bazara, in zafin Afrilu ya taso, duk a tsakar gida muke shimfiɗa mu kwana. To sai ga shi ina tuƙa tuwo da hijabi, 'yan matana suna jiran dare kafin su yi wanka.

Maigida ya je ya sami mai benen cikin mutunci. Me ya yi? Sai ya sa baƙin gilashi. Wato su suna ganinmu, mu ba ma ganinsu! Sai da liman da dattawan unguwa suka sa baki aka toshe rabin tagogin da bulo, bayan wata 8 muna rataya buhuna da tsofaffin tabarmi. Ba mugun mutum ba ne, ko azumin bana ya aiko mana da sukari. Amma da an yi maganar taga tun ginin yana kan takarda, da ba a kai ga haka ba.

Tsohon magini:
Hajiya ta yi maganar ido, ni ta ruwa zan yi, don ita ce ke kashe gida. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan sama ba ya nitsewa da wuri, lungu yake bi. Soron ƙasa yana da indararo biyu ko uku, kowane da ɗan abin da yake zubarwa. Rufin kankare kuwa yana tattara ruwan fili guda ya sako shi ta bututu ɗaya, daga can sama. In bakin bututun ya kalli gindin katangar maƙwabci, damina biyu ta ishe ta. Na gyara irin wannan da hannuna: sama lafiya ƙalau, gindi ya zaizaye har hannu na shiga.

Sai haƙar fandisho. Tsofaffin gidajen nan jingine suke da juna, katanga ɗaya gida biyu. Ka cire ɗaya ka yi rami a gefen ɗayan, ka zare masa kafaɗa ke nan. Tsagewar ba ta fitowa ran nan, sai an yi ruwan farko.

Kuma ku daina shafa wa katangar ƙasa siminti kuna cewa kun gyara. Danshi yake riƙewa a ciki, tubali ya ruɓe ba wanda ya gani, wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. Iyayenmu da makuba suke yi, ta ɓawon ɗorawa, kuma ba sa barin damina ta faɗi ba a bi yaɓe ba. Kowa ya ga abin da ruwan Satumba 2024 ya yi wa tsohon masallacin Birni, gini tun tsakiyar ƙarni na 19. Ranar na kasa cin abinci.

Mai shagon waya:
Baba magini, Allah ya ƙara girma, amma ku bar ni in faɗi tawa. Mu mun sayar da namu kuma ban yi da-na-sani ba. Gara ta cinye azara, ɗakin kakarmu ya rufta da asuba, Allah ne ya sa ta fita alwala. Masu cewa tarihi, tarihi, ba su taɓa kwana suna tara kwano a ƙarƙashin rufi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 2006 aka sa Birni da fada a jerin wuraren da Nijar ke son hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya, Agadas ta shiga a 2013, mu muna nan a layi. Takarda dai ba ta yaɓe katanga, kuma kuɗin magini da ƙasa da azara daga aljihun magada suke fita. Da kasona na buɗe shagon nan. Abu ɗaya zan yarda da shi: gidan bulo da kwano da muka koma a bayan gari tanda ne. Tsohuwarmu kullum sai ta hau kabu-kabu ta koma Birni wuni wajen ƙawayenta.

Ɗan haya a hawa na uku:
Ba wanda ya taɓo famfo. Ruwan garin nan daga nesa ake jawo shi, Gogo-Machaya, Arunguza, Ganaram, kuma kun san yadda yake zuwa. A samanmu ko ɗigo ba ya hawa. Mai garuwa in ya ga matakala sai ya ƙara kuɗi, wani ma ya ce ba ya hawa. Da mai gidan ya sa tanki da injin ja, mu muka huta, amma da tsakar dare in injin ya tashi famfunan maƙwabta sai shaƙar iska. Har yau matar gidan da ke kallonmu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Malamin lakwal mai ritaya:
Ɗana mai shagon waya bai yi ƙarya ba, ni ma ba zan ce wa mai yoyo ya zauna don baƙi su ɗauki hoto ba. Amma ina kai ɗalibai Birni shekara da shekaru. Ina nuna musu guntayen ganuwar Sarki Tanimu, da gidan da Bajamushen nan mai yawon bincike, Barth, ya sauka a ƙarshen 1852, in gaya musu nan ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Duk zuwa sai na tarar wani zaure da na saba tsayawa gabansa ya zama ƙofar ƙarfe. Lokacin Zinder Saboua, shirin gyaran gari don bikin ranar Jamhuriya a 2018, manyan hanyoyi sun ga kwalta da fitilu, lungunan ciki kuwa faɗinsu na nan yadda yake tun zamanin jaki da raƙumi. Lungunku mota na shiga? A namu, da aka zo yin bene, da amalanke aka riƙa shigo da yashi da rodi wata 6, an tare hanyar masallaci, ranar da aka yi rasuwa sai ta wani lungun aka fitar da makara.

Wani abokina ya yi dabara: ya bar zauren da zanensa, ya rushe ciki kawai, ya tsaya a hawa ɗaya. Zauren yanzu tela ne a ciki yana biyan haya.

Uwar gida daga Zango:
Malam, ka tuna mini. Duk abin da aka yi alkawari a rubuta, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Namu da baki aka yi.

Ɗan Birni mazaunin Yamai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na kira Inna na karanta mata duka. Ita ba tarihi ba ne damuwarta, ba kuma kuɗi ba. Cewa ta yi da wane ido za ta kalli maƙwabciyarta ta shekara 40 in katangarta ta faɗi saboda mu. Na yi waya da Alhajin: ya yarda ba taga ta ɓangaren gidajen mutane, ya yarda bututu ya fuskanci hanya, amma ya ce ƙasa da hawa 3 kuɗinsa ba za su fita ba, zaure kuwa nan ne wurin shago mafi tsada. Yayanmu ya kira taro ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zan kama motar Laraba. Baba magini, katangarmu ta arewa haɗe take da ta maƙwabta. In ba damuwa, ko za ka zo ka duba mana ita ranar Alhamis da safe?